Yadda Ƙananan Jirage Suka Sami Gida a Bakin Kogin Shannon

A yammacin ƙasar Ayalan, wurin da kogin Shannon ke faɗaɗa kafin ya shiga Tekun Atlantika, akwai filin jirgin saman da ya ware wani sashe na zauren matafiyansa domin ƙananan jirage na ƙarfe sama da 1,500. Wani dattijo ne ɗan birnin Limerick ya yi kusan rabin ƙarni yana tara su ɗaya bayan ɗaya, har suka fi ƙarfin gidansa, sannan a shekarar 2018 filin jirgin ya ba su mazauni. Hukumar filin na cewa babu wani tari irinsa mai wannan yawa a duniya. Na daɗe da jin labarin. Saboda haka da zumunci ya kai ni Limerick, sai na ƙudurta cewa ko da yake ta Dublin na shigo ƙasar, ta Shannon zan fita, domin gani ya kori ji.

Daga tashar Heuston da ke Dublin na hau jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, da sauyin jirgi a wata mahaɗa da ake kira Limerick Junction. Lokacin kaka ne, yayyafi yana yi yana ɗaukewa. Ta taga ba abin da ido ke gani sai makiyaya shar, an kekkewaye su da shingen itatuwa, shanu baƙi da fari suna kiwo ba makiyayi a bayansu. Limerick kuwa birni ne matsakaici, kogin Shannon ya ratsa ta tsakiyarsa, ga tsohuwar ganuwar Sarki John da aka gina tun farkon ƙarni na 13 tana tsaye a gaɓa. Wannan kogi shi ne mafi tsawo a ƙasar, kilomita 360 ko kusa da haka, kuma kamar yadda na gane daga baya, tarihin jiragen saman wannan yanki duk a jikinsa yake.

Mai masaukina ƙanena ne na wajen gwaggo, yana aikin asibiti a garin. Shi ma ashe cutar tara ƙananan jirage ta kama shi, kuma a Kano ya ɗauko ta, tun yana yaro ana zuwa da shi rakiyar alhazai, yana kallon manyan jiragen Kabo suna ɗagawa. Nasa ba su wuce talatin ba, amma sun riga sun zama magana a gidan. Biyar suna kan kantar falo, wasu a saman firji, sauran kuma suna cikin kwalayensu a ƙarƙashin gado, domin gidan haya ne ciki biyu da falo, ga yara ƙanana. Ya ɗauko mini ɗaya daga kan kanta, Boeing 747 fari mai ratsin kore, ya juya shi ya nuna mini ƙafar gaba da aka liƙe da gam bayan ɗansa ya tura shi a ƙasa kamar mota. Ya ce, “Yaya, saye ba shi ne wahalar ba. In ka yi haƙuri ka tara kuɗin za ka saya. Wurin da za ka ajiye su ka riƙa ganinsu, shi ne abin da ya gagare mu duka.”

A daren nan ya koya mini lissafin abin. Kowane ƙaramin jirgi yana da ma'auninsa. Idan aka ce 1:200, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikinsa yana madadin santimita 200, wato mita biyu, a jikin jirgin gaske. Boeing 747-400 mai tsawon mita 70 da ɗoriya yakan dawo santimita 35, faɗin fukafukansa kuma 32. Airbus A380 fukafukansa kan kai santimita 40. Tsohon DC-3 mai farfela biyu kuwa tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Masu haɗa na roba da hannu, irin waɗanda kamfanin Airfix na Ingila ya shahara da su, sun fi amfani da 1:72, kuma a wannan ma'auni 747 ɗin nan kusan mita guda yake. Shi ya sa da yawa daga masu tarawa, in wuri ya ƙure musu, sukan koma 1:400, inda jirgin ke komawa rabin tsawon na 1:200, ya ci rubu'in wurin da wancan ke ci.

Matsalar jirgi ita ce siffarsa. Littafi ana jingina shi da ɗan'uwansa, kan sarki ana manna dubu a kundi ɗaya, amma jirgi yana da fiffike dama da hagu, ga jela a tsaye, kuma ba ya yarda a ɗora masa wani a kai. Muka yi ƙiyasi da biro: in aka ba kowane jirgi santimita 25 a tsaye da 25 a kwance, guda 1,500 za su buƙaci wuri kusan murabba'in mita 94, wato daɓen ɗaki bakwai irin namu masu ƙafa 12-12, babu ko wurin taka ƙafa. Kanta mai hawa-hawa na rage wannan, amma ita ma tana da iyaka, domin abin da ya wuce kan mutum ko ya yi ƙasa da gwiwa ba ya ganuwa da kyau. Sannan ga kwalaye. Mai tarawa ba ya zubar da kwali, saboda jirgin da ba shi da kwalinsa darajarsa kan faɗi in an zo sayarwa, kuma kwalin ya fi jirgin cin wuri.

Bayan wuri akwai abokan gaba. Ƙura tana shiga cikin injuna da tsakanin tayoyi, kuma wajen goge ta ne ake karya eriya da ƙafafu. Hasken rana yana mayar da farin fenti ruwan ɗorawa, ya koɗar da tambarin kamfani. Danshi kuma yana cutar ƙarfen da ake zuba su da shi, wanda akasarinsa tutiya ce da aka gauraya da wasu ƙarafa. In gaurayen bai yi kyau ba, da shekaru sai jikin ya kumbura ya tsattsage. Maganin duk wannan shi ne kabad mai gilashi da ke rufuwa ruf, nesa da taga, da fitilar da ba ta zafi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga jeren kwanuka da tasoshi cikin kabad ya san wannan ilmi: kayan da ke cikin buhu a ƙarƙashin gado dukiya ce, amma sai an jera su a inda ido zai kai suke zama ado.

Kafin ranar tafiyata, ƙanen nawa ya ce ba zan fahimci Shannon ba sai na ga Foynes. Muka bi hanyar da ta bi gaɓar kudu ta kogin, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota, muka isa wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1945, nan ne jiragen sama masu sauka a kan ruwa ke yada zango tsakanin Turai da Amurka. A wancan zamani babu dogayen titunan jirgi da za su ɗauki manyan jirage masu nauyin man tsallake teku, sai aka mayar da ruwan kogi ya zama titi. A Yulin 1939 jirgin kamfanin Pan American mai suna Yankee Clipper ya sauka a nan da fasinjoji daga Amurka, kuma a shekarun yaƙin duniya na biyu, da yake Ayalan ba ta shiga yaƙin ba, Foynes ta zama ɗaya daga muhimman ƙofofin shiga Turai.

Tsohon ginin tashar shi aka mayar gidan tarihi a 1989. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wurin shi ne kwaikwayon jirgin Boeing 314, wanda aka ƙera daidai da girman na gaske, aka ajiye a jikin ginin. Na shiga ciki. Ga ɗakin cin abinci da tebura da fararen ƙyallaye, ga gadaje masu labule, ga matakala zuwa sama inda matuƙa da mai duba taswira da mai rediyo ke zama. Guda 12 kacal aka ƙera na wannan jirgi, kuma ko ɗaya bai saura ba. Wasu sun yi haɗari, sauran an yayyanka su an sayar da ƙarfen. Wanda duk ke son ya san yadda cikinsa yake a yau, sai dai ya zo ya shiga wannan na kwaikwayo. A nan na fara kallon tarin ƙanena da wani ido. Jirgin gaske yana da tsadar ajiya, shi ya sa in ya tsufa ake rusa shi. Sau da yawa na kwaikwayon ne ke saura ya ba da shaida.

Ranar tafiya muka kama hanyar Shannon, kilomita ashirin da 'yan kai daga Limerick, muka shiga gundumar Clare, muka wuce ta gefen tsohuwar fadar Bunratty. Filin yana gaɓar arewa ta kogin, a wata fadama da aka cike. Shi ne ya gaji Foynes: a Oktoban 1945 jirgin fasinja na farko mai zirga-zirgar yau da kullum daga Amurka ya sauka a nan, daga nan kuma jirage da yawa masu tsallake Atlantika sukan tsaya su sha mai, domin nan ne gaɓar Turai ta ƙarshe. Matafiyan da ke jira ne suka sa wani mutum mai suna Brendan O'Regan ya buɗe kantin da ba a biyan kuɗin kwastan a kan kayansa a 1947, irinsa na farko a filin jirgin sama a duniya. Da jirage masu injin jet suka zo suka fara wuce Shannon ba tsayawa, sai aka kafa yankin masana'antu mai rangwamen haraji a gefen filin a 1959 don kada filin ya mutu. A shekarun 1980 jiragen Aeroflot na Tarayyar Sobiyet suna tsayawa nan su sha man da suka tanada a hanyarsu ta zuwa Kyuba. Titin filin mai tsawon mita 3,199 shi ne mafi tsawo a ƙasar, kuma a kansa matuƙan Concorde suka riƙa gwajin sauka da tashi.

Ginin yana da faɗi fiye da jama'ar da na tarar. An yi shi ne domin zamanin da dubban masu yada zango ke cika shi. A 2007 fasinjojinsa sun haura miliyan uku da rabi, sannan a 2008 aka soke dokar da ke tilasta wa wasu jiragen Amurka tsayawa a nan, adadin ya ragu. A ganina wannan ne ya sa haɗuwar ta yi armashi: mutum mai jirage ba wuri, da fili mai wuri da tarihi, amma ba abin da zai nuna tarihin da shi.

Bayan an duba kayana na shiga zauren jiran tashi, sai ga su. Dogayen kabad-kabad na gilashi, fitilu a ciki, jirage sahu-sahu, duka a ma'aunin 1:200. Wannan ɗaya ma'aunin shi ne sirrin kyan jeren, domin da shi ido ke gane gaskiyar girma: ka ga ƙaramin jirgi mai farfela a kusa da ƙaton jirgi mai hawa biyu, ka san haka za su kasance in an ajiye su a fili ɗaya. Ga jiragen Aer Lingus, kamfanin ƙasar da aka kafa a 1936, kore-kore da tambarin ganye mai kunne uku a jela, za ka bi su ka ga yadda fenti da siffa suka riƙa sauyawa zamani bayan zamani. Ga Concorde siriri mai dogon hanci, tsawonsa santimita 31, faɗinsa bai wuce 13 ba, wanda aka daina tashinsa tun 2003.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban Antonov An-225. Tsawonsa santimita 42, fukafukansa 44, fari ne da ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa, launin tutar Yukren. Na sunkuya na ƙirga injunan, uku a kowane fiffike. Jelarsa biyu ce, ɗaya a kowane ƙarshe, an yi ta haka ne domin ya iya goya kumbon Sobiyet a bayansa. A ƙarƙashin cikinsa tayoyi ne jere, kowace ba ta kai ƙwayar masara ba. Na gaske yana da guda 32. Ɗaya tak aka kammala ƙerawa a duniya. Ya sha sauka a nan Shannon, har a 2021, mutane suna cika bakin waya don kallonsa. A Fabrairun 2022 aka ragargaza shi a filin Hostomel kusa da Kiev a farkon yaƙin Rasha da Yukren. Lokacin da aka jera wannan ƙaramin a 2018 babban yana nan yana aiki. Yau kuwa yaron da ke son ya ga siffarsa ta kowane gefe, irin wannan zai duba.

Na kuma lura da masu kallo. Wata tsohuwa tana nuna wa jikanta wani jirgi da yatsa a jikin gilashi, tana yi masa bayani a hankali. Ayalan ƙasa ce da 'ya'yanta suka yi ƙaura da yawa, kuma ta wannan fili dubbai suka tafi Boston da New York, wasu ba su sake dawowa ba. Ga irin waɗannan iyalai, jirgin da ke cikin kabad ɗin shi ne wanda ya ɗauke yayansu ko ya dawo da mahaifinsu. Da tarin yana gidan mai shi, sai wanda ya gayyata ne zai gani. Da an kai shi wani babban gidan tarihi a Dublin, zai zama ɗaki ɗaya cikin ɗakuna masu yawa. A nan kuwa, kana ɗaga kai daga gilashin sai ka hango jirgin gaske ta taga yana jan jiki zuwa titi. Aibi ɗaya da na gani shi ne, sai mai tikitin tafiya ke iya isa wurin, don haka wanda ya rako ka sai dai ya ji labari. Duk da haka, dubban da ke wucewa kowane mako sun fi ƙarfin baƙin da kowane falo zai iya ɗauka.

Abin da ya fi burge ni game da dattijon mai tarin shi ne ya yanke shawarar rabuwa da shi tun yana da rai da lafiya. Tarin mutum ɗaya yakan mutu tare da shi. Magada ba lalle su san darajar abin ba, ko sun sani ba su da wurin ajiya, sai a raba, a sayar da rahusa, aikin shekara hamsin ya watse a mako ɗaya. Rabuwa da abin da ka ƙare ƙuruciyarka da kuɗinka a kansa ba ƙaramar jarumta ba ce, amma ita ce ta mayar da sha'awar mutum ɗaya dukiyar gari.

A cikin jirgin da ya ɗauke ni daga Shannon zuwa Landan, tunanin Kano ne ya cika mini zuciya, domin labarin Shannon kusan namu ne. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu Kano ta zama zangon shan mai na jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka, irin su KLM da Sabena da BOAC, har sai da jirage masu dogon zango suka zo suka fara wucewa ta samanta, kamar yadda suka yi wa Shannon. Muna da Nigeria Airways mai tambarin giwa mai fukafukai, da aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003. Mun yi Kabo Air da ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964. Muna kuma da yara a kowace unguwa masu ƙera jirgi da kara da gwangwani da kwali, wasu har da batir da farfela, waɗanda ba su da inda za su je su ga siffar jirgi daidai da ma'auni.

Kayan da za a fara da su suna nan a warwatse. Tsofaffin ofisoshin sayar da tikiti sun kasance suna ajiye ƙananan jirage a kan tebur. Wasu suna gidajen tsofaffin matuƙa da ma'aikata, tare da hotuna da huluna da tikitoci da jakunkunan alhazan farko. Abin da ake buƙata bai wuce bango ɗaya ba, da kabad masu rufuwa da kyau saboda ƙurar hunturu, nesa da rana, da ɗan rubutu da Hausa da Turanci a ƙarƙashin kowane jirgi, da mutum ɗaya amintacce mai riƙe da rajista. In so samu ne a sa shi a inda mai rakiya da ɗan makaranta za su iya shiga ba sai da tikiti ba, mu gyara abin da na ga ya rage a Shannon.

Ina kira ga masu kula da filin jirgin saman Malam Aminu Kano da kwalejin Zariya da masu kamfanonin jiragenmu da su ware wannan wuri. Kai kuma mai karatu, in kana da irin wannan tari, ko na jirage ne ko na wani abu, ko kuwa mahaifinka ya bar maka shi a kwali, ka zauna ka rubuta sunan kowane ɗaya da shekararsa da inda aka samo shi, sannan ka nema masa gidan da jama'a za su gan shi tun kana da ikon zaɓa.